Shuɗɗan Awakin Lado Bangaladash

Kansilan mazaɓarmu ne ya jawo mana, shi da cikinsa. An gayyace shi taron yaƙi da talauci a wani otal a Dutse, ana gobe tafiya ya afka wa wani tsire da ya kwana, gari ya waye ba ya iya yin nisa da bayan gida. Ya leƙo waje neman wanda zai je ya cike masa kujera, bai ga kowa ba sai Lado, zaune a kan babur ɗinsa da ba mai, yana ba iska labari. Wallahi da kansila ya ƙara haƙuri kaɗan, ko tunkiya ce ta gifta ya tura ta, da mun huta.

Lado ya dawo Dutsen Gawo, ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa, da jakar ratayawa da hular hana-sallah da kati a wuya mai ɗauke da sunan kansila. Katin nan ko a masallaci ba ya cire shi, in ya yi ruku'u yana reto. Bai ko shiga gida ba ya zarce rumfar Sabiru tela, inda muke zama.

"Talauci ya ƙare a garin nan," in ji shi.

"Sannu da hanya dai tukuna," in ji Sabiru, bai ɗago daga keke ba.

"Masana na gani, Sabiru, masana na duniya. Akwai wata Baturiya, dokta ce, amma ba ta allura ba, ta talauci. Tsarin da ta zo da shi an fara shi a Bangaladash, aka kai shi Feru ya yi, aka kai shi Habasha ya yi. Yanzu layi ya zo kan Jigawa."

"Ina ne kuma Bangaladash?"

"Gaba da Makka kaɗan, in ka karya dama."

"Can ɗin talaucin ya ƙare?"

"Neman talaka suke su nuna wa yara, babu."

Tsarin dai, da muka tace shi daga cikin surutun, ga shi: a nemo matalautan gari, a ba kowa akuya, a yi mata alama, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya miƙa uwar ga na gaba. Baturiyar za ta zagayo ƙauyuka kafin kaka, duk garin da ta tarar ya fara da kansa shi za a ɗauka, a naɗa masa kodineta da sabon babur. Ba sai na gaya muku wanda ya riga ya hango kansa a kan babur ɗin ba. Kafin magariba sunansa ya koma Lado Bangaladash, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Abin da Lado bai sani ba, mu ma maza sai daga baya muka sani, matan Dutsen Gawo suna wannan abu tun kafin a haifi Baturiyar. A wajen Fulanin bayan dutse kakanninsu suka gani. In mace ta ga gidan 'yar'uwarta ya shiga matsi, sai ta ba ta akuya kiwo, ta haihu a hannunta, ta riƙe 'ya'yan ta mayar da uwar. Sharaɗin guda ne, ba mai ji. Wadda aka ba za ta ce saya ta yi, wadda ta bayar za ta ce ta sayar, mijin ma ba a gaya masa, don kada fita majalisa ta yi masa nauyi.

Jajayen awakin nan masu sheƙi da ke ɗaure a gidan Lado, waɗanda yake nuna wa baƙi yana cewa guminsa ne, duk na Inna Saude ne, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari. Bara Lado ya sayar da geron gidansa tun yana gona, ya zuba a sana'ar ƙanƙara a garin da ba wuta. Da Saude ta ga Ma'u, matarsa, tana rama tana dariya, ta kora mata awakin ba ta ce uffan ba. Ma'u ba ta taɓa kwance su ba, don ta san in igiya ta saki gidan tsohuwar za su nufa. Tsoronta a duniya guda ne, kada garin nan ya ji cewa gidan Lado a kan awakin Saude yake tsaye.

Matakin farko, in ji Lado, sai an tantance matalauta, kuma a Habasha da tsakuwa ake yi. Ya matsa wa Kawu Mamuda, mai unguwarmu, har ya tara magidanta a gindin gawo. Ya bi kowa ya damƙa masa tsakuwa.

"Kowa ya tashi ya ajiye tasa a gaban wanda ya fi kowa talauci."

Kowa ya sa wa tsakuwarsa ido kamar bai taɓa ganin dutse ba.

"Lado," in ji Kawu Mamuda, "a gaban mutum? Yana kallo?"

"Ranka ya daɗe, haka ake yi a Habasha."

"To su Habashawan, in an tashi suna gaisawa?"

Da an bar shi a nan da an watse lafiya. Sai Abu mai facin taya, bawan Allah da duk abin da aka ce ya yi yi yake, ya miƙe ya duba hagu ya duba dama, ya je ya durƙusa da ladabi ya ajiye tsakuwarsa a gaban surukinsa. Surukin ya ɗauka ya mayar masa da ita a goshi. Ƙanin Abu ya rama wa yayansa, ya sami wani daban. Kafin ka ce me, tsakuwa ta cika sama, Kawu Mamuda ya laɓe a bayan gawo yana salati, Lado ya kare kai da jakar taro yana ihu.

"Ku ci gaba, yana cikin tsarin! Muhawara ake ce masa!"

Da tsakuwa ta ƙi, ya ce zai tantance da idonsa, don ido ne da ya ga masana. Ya zaga gari, duk gidan da dangarsa ta karkata ya ce talaka ne. A sahun gaba ya sa Inna Saude, wai ɗakinta na ciyawa ne, zaninta kullum guda.

"Inna, ke ce ta ɗaya a talauci a garin nan," ya gaya mata da fara'a.

"Ni, Lado? To Allah ya yi albarka. Tunda nake ban taɓa zuwa ta ɗaya a komai ba."

Saura awaki. Ya bi masu hali su ba da na fara tsarin, kowa ya ce tasa ba ta da lafiya. Wani ma ya ce tasa tana takaba. Lado ya ce ba komai, shugaba shi ke fara sadaukarwa, ya nufi gida ya kama kwance igiyoyi. Ma'u ta saki muciya ta fito.

"Baban Sadiqa, awakin nan ba za su fita ba."

"Na wa ne?"

"Na gidan nan ne."

"Gidan na wa ne?"

"Ba sa son baƙon wuri."

"Na Bangaladash a jirgin ruwa ake zuba su, ba wadda ta ce komai."

"Ka ji tsoron Allah ka bar min awakina."

"Ma'u, in na zama kodineta, raƙuma zan ɗaure miki a nan."

Ta ja mayafi ta tafi wajen Saude, ta zauna a bakin ɗaki tana kuka. Ta tsorata ƙwarai, kuma kunyar tsohuwar ta fi tsoron yawa. Saude ta miƙa mata ruwa.

"Share hawayenki. Ni dai bakina a rufe yake. Ƙafafun awakin ne ban ɗaukar miki alkawari ba."

Alama kuwa, Lado ya ce a Feru launi ake sa wa dabba don a san ta tsari ce. Ya jiƙa bula ya shafe su, ruwan sama ya sauka a ranar ya wanke tas. Ya hau motar Kazaure ya sayo fentin mai, shuɗi shar, ya bi bayansu da tsintsiya. Awaki suka ji ƙaiƙayi suka shiga neman abin gogawa. Suka goga a bangon masallaci. Suka goga a ƙofar kansila. Babbar cikinsu ta sami Kawu Mamuda ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, ta goga iya son ranta.

"Lado! Wannan ma daga Habasha ne?"

"Feru, ranka ya daɗe."

"To ka gaya wa Feru ta zo ta yi wanki."

Aka raba awaki, nan fa ake yin ta. Shuɗiyar akuya a ƙofar gida daidai take da a sa maka mai shela yana cewa ga gidan da ba a ɗora tukunya. Yara suka ƙirƙiro waƙa. Matar Abu ta wuni tana dirzar tata da kananzir, akuya ta koma ruwan toka tana wari. Wani ya ɗinka wa tasa riga da buhun taki. Wani da aka kawo kuɗin gaisuwar 'yarsa ya ɓoye tasa a rumbu, ta ci rabin abin da ke ciki, ta leƙo ta sama ta gaishe da baƙin.

Ga kuma abin da Ma'u ke gudu. Kullum da la'asar sai ka ga shuɗɗan awaki daga kowace kusurwa, kowace tana jan guntun igiya, sun miƙe santal zuwa ƙarshen gari. Wasu sun tsinke ne, wasu kuwa masu su ne suka kwance suka kau da kai. Duk a ƙofar Inna Saude suke taruwa su kwanta suna tuƙa.

"Kodineta," in ji Sabiru, "me suke nema a can?"

"Ka ga ilimi? Dabba ma ta gane inda talauci ya fi yawa. Wannan kaɗai ya isa a kira ni Abuja."

"Ni dai na ga kamar sun san hanya."

"Ɗinki ka karanta, Sabiru. Tsaya a kan ɗinki."

Haka ya riƙa yi, da safe ya raba, da yamma su haɗe, washegari ya sake rabawa. Ya rame, katin wuyansa ya yi shuɗi, ya daina cewa ilimi ne ya fara cewa akwai maƙarƙashiya.

Ranar da masana za su zo, ya sa aka share gindin gawo, aka aro tebur daga makarantar firamare, aka ɗora lemo da biskit. Ya jera matalautansa a rana, kowa riƙe da igiyar shuɗiyar akuya, kowa ya sunkuyar da kai. Wasu sun ja hula har hanci. Don kada a sami matsala, ya haɗa ƙarshen igiyoyin duka ya naɗe a kugunsa. Inna Saude ce kaɗai ba ta zo ba, ta aiko cewa tana da aiki.

Farar mota ta tsaya. Baturiyar ta fito da gorar ruwa a hannu, bayanta wani gajeren mutum mai gilashi, sai tafinta, Barnabas, ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Kazaure, mutumin Filato ne amma Hausarsa ta fi ta wasunmu. Da ya gabatar da mai gilashin ya ce daga Bangaladash yake, gari ya ɗauki guɗa. Ashe da gaske akwai wurin.

Sabiru ya ɗaga hannu. "Barnabas, don Allah tambaye shi, an ce can neman talaka ake babu."

Barnabas ya tambaya. Mutumin ya yi dariya har ya cire gilashi.

"Ya ce da ya ƙare, da shi ma yau ba shi da aikin yi."

"Tawali'u ne," in ji Lado da sauri. "Haka suke."

Ya gyara kati ya fara jawabi. Ya yi bayanin tsakuwa, ya tsallake goshin Abu. Ya ce shi ne mai arzikin da ya ga halin da bayin Allah ke ciki ya sadaukar da dukiyarsa. Ya ce tun yana yaro ba ya iya barci in maƙwabci bai ci ba. Barnabas yana juyawa yana haɗiye wani abu, Baturiyar tana gyaɗa kai.

Can nesa, a bayan masallaci, Inna Saude ta fito daga wajen mai injin niƙa da kwanon dusa a ka, za ta gida. Ba ta kalli taron ba. Tuntuɓe kawai ta yi, kwanon ya faɗi ya yi ƙara.

Awaki suka ɗaga kunne a tare. Masu riƙe da igiya, da ma neman dalili suke, suka saki. Lado yana tsakiyar cewa "a ƙarƙashin jagorancina" ƙafafunsa suka bar ƙasa. Suka ja shi ta ƙarƙashin tebur, lemo ya yi sama, biskit ya watse, gorar Baturiya ta yi nata wuri. Suka bi da shi ta kwatar masallaci, suka ratsa ta cikin ƙaya, suka ajiye shi a gaban tsohuwar, suka sa baki a dusa. Gari duka ya biyo baya, har da masana.

Ya miƙe, rabinsa shuɗi rabinsa taɓo, hula ta tafi. Ya ga Baturiya tana kallonsa, ya ga sabon babur ɗin kodineta yana gudu ba shi a kai. Sai ya nuna tsohuwar da yatsa.

"Ga maƙarƙashiyar! Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Matar nan asiri ta yi wa awakina. Kullum sai ta janye su. Sata ce wannan, a kira 'yan sanda daga Roni!"

"Lado, ka iya bakinka," in ji Kawu Mamuda.

"Ba zan iya ba! Inna, faɗa wa duniya, awakin nan na wa ne?"

Saude ta sunkuya tana tattara dusarta. "Na gidanka ne, ɗana. Dusa suka gani."

"Kun ji ko? Ta amsa! Ɓarauniya!"

Da kalmar ta faɗo, har awakin sai da suka ɗago. Sai ga Ma'u ta ratso mata, mayafinta a hannu.

"Baban Sadiqa, kada ka ƙara. Nata ne."

"Ma'u, koma gida," in ji Saude a hankali.

"Ba zan koma ba, Inna. Nata ne duka. Bara da ka sayar da geronmu ka sayo ƙanƙara ta narke, ita ta ba ni su kiwo. Nonon da Sadiqa ke sha nata ne. Ɗan akuyan da ka yanka da Sallah ka raba wa mutane kana cewa ka fi su, daga cikinsu ya fito. Na rufa maka asiri iya ƙarfina, amma ba za a kira ta ɓarauniya ina tsaye ba."

Ta faɗa ta rufe fuska. Ni dai a ranar ba Lado na tausaya wa ba, ita na tausaya wa, don abin da ta fi tsoro a duniya da bakinta ta yi shi. Matan gari suka kewaye ta suka ba mu baya. Ko Sabiru bai yi dariya ba.

Sai Baturiyar ta matso tana tambayar me aka ce. Barnabas ya juya mata a taƙaice. Idonta ya yi haske, ta kama hannun mai gilashi tana magana da sauri.

"Ta ce wannan ya fi nasu," in ji Barnabas. "Ta ce tsari ne na asali daga cikin al'umma. Za su sa masa suna su kai shi Nijar da wasu ƙasashe."

"Gaya mata a Nijar ɗin ma ana yi," in ji wata daga cikin mata. "Kuma daɗinsa ba a faɗa."

Barnabas ya gaya mata. Ta ce wannan ma muhimmi ne ƙwarai, za ta faɗa a babban taro. Sannan ta juyo wajen Lado da fuskar tausayi.

"Tana tambaya, kai ne wanda ya ci gajiyar?"

"Ni kodineta ne."

"Ta ce ka riƙe akuyar, ka ɗan kalli sama, za ta ɗauke ka hoto."

Shi kuwa Lado, ko a wane hali yake, in ya ga kyamara sai ya gyara tsayuwa. Ya rungumi akuya, ya kalli sama, har da murmushi.

Babur dai wani gari aka kai. Awaki suka koma hannun Ma'u, fentin ya bi gashi ya zube a hankali. Lado ya yi kwanaki ba ya fita, ya je ya durƙusa wa Inna Saude ta ce ba ta ma ji abin da ya ce ba, kunnenta ya tsufa. Muka ce to, ya warke.

Bayan kaka na raka shi kasuwar Babura sayen wake. Muna zaune a rumfar wani Banijare mai ciniki da kuɗin sefa, mutumin wajen Magarya, sai na ji Lado ya gyara murya.

"Ai tsarin awakin nan da ake yi a ƙasarku, daga hannuna ya fita. Masana takanas suka zo har gida suka ɗauki ilimi."

Mutumin ya ajiye mudu ya ƙura masa ido.

"Tsaya, Malam. Ba kai ne na jikin allon ba?"

"Wane allo?"

"Wanda masu furoje, 'yan ƙungiyar tallafin nan, suka kafa a bakin garinmu. Kai da shuɗiyar akuya, kana duban sama. An rubuta a ƙasa, wai da ba ka da ko na abinci, sai wata tsohuwa ta tsamo ka. Wallahi matanmu har kuka suka yi."

Mutumin ya duba hagu ya duba dama, ya matso ya rage murya, ni kuma na yi kamar ina duba wake.

"Kada ka damu, ɗan'uwa, kowa da ranarsa. Uwar 'ya'yana tana da wata akuya. Kasuwa mai zuwa in taho da ita, ka ce saya ka yi. Ba mai ji."

Lado ya saci kallona, na ƙara dulmiya hannu a wake. Sannan ya matsa kusa da kunnen mutumin.

"Tana haihuwar biyu-biyu?"